Magini da Ruwan Farko

Ka ce hidimomi sun yi maka yawa, kuma ba wadda kake son saki. To, zauna ka ji abin da ya sami wani magini.

Mutumin nan gwani ne, in ya ja katanga sai ta ga jikokin mai ita. Aibinsa ɗaya, bakinsa bai iya cewa a'a ba. Wata shekara da rani ya karɓi aikin zauren wani falke, ya karɓi rumbun wani manomi, ya ƙara da ɗakin wani saurayi mai shirin aure. Ga kuma ɗakin mahaifiyarsa, wanda ya rushe da hannunsa don ya yi mata sabo, ya mai da ita rumfar zana kafin ya gama. Yau ya jera tubali a nan, gobe ya kwaɓa ƙasa a can, kafin ya waiwayo ta bushe, sai an sake jiƙawa. Kowane gini ya kai kafaɗa, amma ba wanda aka ɗora wa azara. Tsohuwar ta ce masa, "Ɗan nan, rufa mini nawa. Gwiwoyina suna gaya mini ruwa ya kusa." Ya ce, "Inna, saura kaɗan."

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Magini ya suri tabarma ɗaya ya fita a guje, ya kai mararraba ya tsaya cak, bai san ginin da zai rufa ba. Yana nan tsaye aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da gari ya waye ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk sun zube, sun koma taɓon da aka yi su da shi. Falke ya kira wani magini, manomi ya daina amsa gaisuwarsa, aka ɗaga bikin saurayi. Ita kuwa tsohuwa, sanyin da ta kwasa a rumfa ya sauka mata a ƙirji, ba ta ga kaka ba. Bayan an share makoki ya tsaya ya gina ɗakin nan shi kaɗai, ya rufa shi, ya yaɓe shi sumul. Mai shiga ce babu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, taura biyu ba ta taunuwa.