Shuɗiyar Jakar Garrett

Na rantse da kabarin kakata, ba za ku yarda da wannan labarin ba. Ni Royce, wanda duk Toledo ta san ba a taɓa kama shi da hannu a cikin miya ba, wanda makaranta ta gaji da shi tun yana aji goma ta nuna masa ƙofa, wai jaka ɗaya ce ta kai ni ƙasa.

Mu huɗu muka hau jirgin sama zuwa Orlando ta jihar Florida: ni, budurwata Noelle, yayata Lorene da mijinta Garrett. Noelle ta ɗauka hutu ne kawai. Ni kuwa na gama shiri: ƙarfe takwas, ana fara wasan wuta a filin shaƙatawa, zan durƙusa in nemi aurenta da zoben marigayiya kakarmu. Har mai hoto na kama. Da yake ko makullin gida ba ya kwana biyu a hannuna, sai na damƙa wa Lorene zoben.

"Bar shi gare ni," in ji ta. "Zan sa shi inda ko allura ba ta taɓa ɓata ba."

Garrett irin mutanen nan ne masu goge safa. Ya buga mana jadawalin tafiya, har da lokacin shiga bayi. Shi ya yi mana rajista da kamfanin kai kaya: su aiko maka da takarda rawaya ka ɗaura wa jakarka, in ka sauka ba ruwanka da jiran kaya, ka hau bas ɗinsu kawai, jaka ta same ka a ɗakin otal. Sau huɗu yana yi mini bayanin nan, kamar ni ne jakar.

A layin auna kaya na filin jirgi, wasu tsofaffi biyu na gabanmu da shuɗiyar jaka sak irin ta Garrett, da rawayar takardarsu. Sai hirar jirgin ruwa suke, wai ƙarfe biyar zai tashi, kwana bakwai za su yi a teku. Garrett ya juya yana ƙirga tikiti karo na uku. Hannuna ya yi ƙaiƙayi. Kafin ya kai na huɗu, takardun biyu sun yi musayar gida.

Minti hamsin muka yi muna jiran bas a zafin Florida, sannan ya zaga otal uku kafin namu. Ban damu ba. Mai jiran dariya ba ya jin rana.

Ƙarfe uku kaya suka iso. Garrett ya zuge jakarsa, sai ga kayan wankan tsohuwa masu furanni da kofin jiƙa haƙoran roba. Na ciji harshe don danne dariya har na ji gishiri.

A lissafina, zai yi bambami na minti biyar, ya sayi riga a shagon otal, mu wuce. Ina! Bawan Allah ya sauka wurin karɓar baƙi ya dasa kujera, waya a kunne, kamfani na kaɗa masa kiɗan jira. Tikitin shiga filin kuwa duk suna cikin wayar tasa. In bai motsa ba, ba mai motsawa.

Ƙarfe huɗu. Aka ce jaka na hanya. Ƙarfe biyar. Aka ce wace jaka?

Noelle, wadda tun saukarmu take maƙale da hannuna, ta ce, "Haba Garrett, safa ce fa! Zan saya maka dozin, in goge maka da kaina."

Ya buɗe baki, ya dube ta, ya rufe. Lorene ma ta bi ta tsuke fuska kamar jakarta ce.

Sau biyu Garrett yana jan hannun rigata. "Ƙanena, zo gefe mu yi magana." Na zille. Tsohon gwani ba ya shiga lungu da mai kaya. Wayata ta yi ta ƙara da saƙonnin Lorene, na ƙi buɗewa, na san wa'azi ne.

Ƙarfe shida mai hoto ya kira, na kashe. Bas na ƙarshe da zai kai mu a kan lokaci shida da rabi yake tashi. Raina ya gama ɓaci. Wasan da na shirya don in sha dariya ya koma yana cin daren da na yi wata uku ina tsarawa, duk saboda ƙaton mutum ba zai iya kwana ɗaya ba wandon barcinsa ba.

Noelle ta hau sama canza takalmi. Ƙofar lif na rufewa na fizge wayar daga kunnensa.

"Malam mai jadawali, huta! Ni na musanya takardun. Jakarka na cikin jirgin ruwa, ya tashi tun ƙarfe biyar, sai nan da kwana bakwai. An yi maka, ka sha, a yi dariya a wuce. Yaya, miƙo mini zobena kafin ta sauko."

Na miƙa tafin hannu. Lorene ba ta taɓa jakar hannunta ba. Ta zauna a hankali, ta dafe kai.

Garrett ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai ko ɗaga murya ba.

"Awa uku ke nan ina neman yadda zan gaya maka ba a gaban yarinyar ba. Ka ɗauka don safa nake zaune a nan? To, don safa ne, ƙanena. Zobenka na naɗe a cikinta."