Akwatin Uban Ummu Fayiz

Ƙarfen da ke riƙe murfin akwatin ne ya karye. Shi kaɗai Ummu Fayiz ta ce a gyara.

Abu Nadim ya shekara arba'in yana aikin kafinta a tsohuwar kasuwar Dimashƙ, amma rabonsa da ganin akwatin soja irin wannan tun yana saurayi. An ɗaure kowace kusurwa da tagulla, mariƙan sun nutse cikin katako don kada su sarƙe da igiya, haɗin allunan kuwa ko ƙusa ɗaya babu. A kan murfin an zana suna da rubutun Turkawan da: Kyaftin Rifat.

"Na wane ne, Hajja?"

"Da shi ubana ya dawo daga yaƙin Hijaz. Kwana tara ya yi a gida, Allah ya karɓi abinsa."

Tana magana tana shafa bayan akwatin da hannunta da ya yi kanta. Sunan kuwa ko kallonsa ba ta yi ba.

Da ta tafi, Abu Nadim ya gyara murfin kafin shayinsa ya huce. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. 'Yar kyaftin guda, ga gyalenta duk faci, a ce ta koma da gadon ubanta a haka? Ya goge tagullar har ta ɗauki ido. Ya cike ramukan da igiya ta ci. Allon baya ne ya fi ɓata masa rai: wani baƙin tabo mai faɗi ya shige cikin katakon, kankara ta ƙi fitar da shi. Ya ɓalle allon, ya sassaƙa sabo daidai da shi, tsohon kuma ya faskara ya zuba a murhu.

Ran Alhamis ta dawo. Ya yaye mayafin da ya rufe akwatin, yana murmushi.

"Ko sisi kada ki ƙara, Hajja. Don darajar Kyaftin na yi."

Ta zagaya bayan akwatin. Ta daɗe a durƙushe, tafinta a kan sabon allon.

"Ina na da, Malam?"

"Ai ya lalace. Na ƙone shi."

Ba ta yi kuka ba. Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar.

"Kyaftin a kan doki ya zo, Malam. Ubana ne ya goyo akwatin tun daga Madina, tabon nan kuwa jinin bayansa ne."