Layi Ɗaya a Aljihu

Zauna tukuna, Nafi'u, kafin ka sake ce mini gyaran da ka yi wa manhajar kwamfutocinmu naka ne, ba za ka aika wa kowa ba. Maganar nan ta ɓata mini rai, kuma bari ka ji dalili.

An yi wani mai kula da kwamfutoci a wata cibiyar yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Babbar manhajar da ke tafiyar da injinansu irin tamu ce, aikin gayya. Ba a sayar da ita, kowa na iya buɗe cikinta ya duba, kuma al'adar masu ita ce duk wanda ya gano aibu ya gyara, ya kai gyaran zaurensu na intanet a saka wa kowa. A cikinta akwai wani ma'auni, wanda in kwamfuta ta fara jan ƙafa sai ka kunna shi ya nuna maka aikin da ke shanye mata ƙarfi. To, a kan tsofaffin injinan cibiyar nan, ƙarya ma'aunin yake shararawa. Inji na nishi, fankarsa na ihu, shi kuwa ya ce sifili, komai lafiya lau. Mutumin ya ɗaura ɗamara, mako uku cur yana bin rubutun ma'aunin layi-layi, har ya gano inda gizo ke saƙa: layi ɗaya ne ke karanta agogon injin ba daidai ba. Ya gyara, ma'auni ya fara faɗin gaskiya. Har nan na sara masa. Amma sai me? Sai gogan ya sa gyaran a aljihu ya yi gum. Wai in kowa ya sani, me zai hana a ɗauko wani a ba shi kujerarsa? Kujerar nan ita yake gadi. Ka ji rashin ta ido! Dubban mutanen da bai taɓa gani ba sun yi gumi sun miƙa masa manhaja sukutum kyauta, shi kuwa layi ɗaya tak ya gagare shi mayarwa. Shekara biyu yana hura hanci. In inji ya yi nauyi sai ya sa kowa ya fita daga ɗakin kafin ya taɓa, kamar mai haɗa maganin gado.

Ana nan, saura kwana biyu a rufe rajista, sai umarni ya zo daga sama cewa ba za a karɓi suna daga tsohuwar manhaja ba, dole kowa ya sabunta. Ya sabunta, sabuwar ta share gyaransa tas. Washegari wani abu a cikin sabuwar ya danne injinan, suka koma rarrafe, ɗalibi ɗaya sai ya ci rabin awa, ga iyaye cirko-cirko cikin rana har bakin titi. Ya kunna ma'auni don ya ga abin da ke cin ƙarfinsu, ma'auni ya ce sifili. Ya ce ai da sauƙi, ya buɗe don ya mayar da layinsa, sai ya tarar an rushe ɓangaren gaba ɗaya an sake gini, ko gurbin da zai sa shi babu. Da ya aika tun farko, ai da maginan sun tafi da shi cikin sabon ginin. Sai a lokacin ya tuna hanyar zaure. Yana leƙawa ya ga mutum sama da arba'in daga garuruwa daban-daban sun yi ta kuka da wannan matsala tun bara waccan, kowa ya zo sai ya ce shi ma haka, babu mai amsa. Daga ƙasa kuma masu kula da manhajar sun rubuta cewa ba su da irin wannan tsohon inji da za su gwada, ba kuma wanda ya kawo musu haske, don haka sun rufe maganar. Ya rubuta roƙo, har da "don Allah" sau uku. Wa zai amsa? Waɗanda abin ya dama sun gaji sun watse tuntuni. Haka ya koma lalube, kashe wannan, kunna wancan, har aka rufe rajista da ɗalibai ɗari da ɗoriya a waje, shekararsu guda ta tafi a banza. Mai cibiyar bai tsaya jin dogon turanci ba. Ya ce, "Ba kai ka ce kai kaɗai ka san injinan nan ba? To kai kaɗai za ka ɗauka." A gaban iyayen ya karɓe makullin ɗakin, ya nuna masa ƙofa. Wallahi ko ƙiris ban ji tausayinsa ba, ɗaliban nan nake ji har yau.

Saboda haka tashi ka aika gyaran nan yau ɗin nan. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.