Babin Bokiti

Ko gama fita daga tashar jiragen ruwa ta Makassar ba mu yi ba na cusa kaina cikin bokiti ina amai.

"Sannu, malama mai sharhi," in ji yayana, yana jan igiya. "Tauraro nawa za ki ba tekun?"

Ni na jawo wa kaina. Akwai wani littafi mai koya wa talaka doguwar tafiya a ƙaramin jirgin da iska ke turawa, na karanta shi har bangonsa ya fita. Sai na rubuta ra'ayina a shafin masu karatu da muryar tsohon matuƙi, ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba. Na rage masa tauraro ɗaya cikin biyar, wai marubucin ya ɓata babi guda yana yabon bokiti. Yayana ya karanta, ya ce tunda ga gwana a gida, in raka shi tsibirin Flores a jirginsa.

"Auta, faɗi gaskiya, in juya? Inna fa ba ta juye shinkafarki ba. Ta ce kafin la'asar kin dawo."

Na ɗago. Gari na nan kusa, har ina hango rufin gidanmu. Na sake jawo bokitin.

"Yaya, ka miƙe kawai," na ce.

Na ƙanƙame bokitin kamar ɗan da na haifa, na raɗa masa cewa da mun sauka zan mayar masa da tauraronsa.