Ƙafar da Ba Ta Nan

Vuthy ya ɗaga adda, ya saita dungulmin ƙafarsa ta hagu.

Nakiyar da aka binne ce ta cinye ƙafar a gonar shinkafa a Battambang, amma tafinta bai daina ƙaiƙayi ba. Likita ya ce jijiyoyin ne ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin ƙarya, ita kuma tana yarda. Matarsa Chantha ta sosa iska har ta gaji. Yau ya rantse sai ya datse jijiyoyin da kansa.

"Ajiye addar nan, sakarai," in ji Inna Sokhom, maƙwabciyarsu mai soya gyare. "Miƙo ƙafar."

Ta durƙusa daidai inda tafin yake a da. Vuthy ya lumshe ido. "Sama kaɗan, Inna. Yawwa, nan." Addar ta faɗi, ya fara minshari.

Chantha ta riƙe baki. "Inna, ni ma nan nake sosawa."

"Da wane hannu?" Tsohuwar ta ɗaga hannunta na dama, wanda nakiya ta yanke daga gwiwa. "Hannun da ke nan ba ya kaiwa can. Amma ki ce masa ya riƙa wanke ta. Duk ya cika min farce da laka."