Ƙwaya Huɗu Kafin Karin Kumallo

Ƙwaya huɗu, ruwa kofi ɗaya, ciki babu komai. Haka Sister Anatu ta faɗa ranar da asibiti ya tabbatar Hamdan na da tarin fuka. Da Hausa ta faɗa, don 'yar Kafanchan ce, kada gobe wani ya ce Turanci ne ya ruɗa shi.

"Kowace ƙwaya magani huɗu ne a haɗe, kuma da nauyin jikinka aka auna maka. Kada ka rage, kada ka tsallake rana. In ka ga fitsari ko gumi ko hawaye sun koma kalar manja, kada ka tsorata, maganin ne." Ta juyo wajen matarsa Hafsa da biro a hannu. "Ku nawa ne a flat ɗin? Kowa za mu gwada. Kyauta ne, kuma ba ruwanmu da takardun kowa."

"Mu biyu ne," in ji Hafsa.

Su uku ne. Mahaifiyarta, Hajiya Katumi, ta zo unguwarsu ta Plumstead a London ziyarar wata uku, ga shi ta zarce shekara, biza ta ƙare, lauya kullum sai ya ce a ƙara haƙuri. Hafsa kuwa ba ta yarda da kyautar Bature ba. Tun tuni ta roƙi tsohuwar, don girman Allah, ko ƙofar GP, likitan unguwa, kada ta leƙa.

Ƙarfe shida Hafsa ke fita, ta kama bas zuwa gidan kula da tsofaffi inda take aiki a Stratford. To wa zai tsaya kan magani? Hajiya ce ta ce a bar mata. Kowace safiya ita ke ɓalle ƙwayoyin, ta zuba a faranti, ta kai ƙofar ɗakin surukinta. Hankalin Hafsa ya kwanta. Ta san mijinta: shekara shida da aure bai taɓa haɗa ido da Hajiya ba, bai taɓa cin abinci a gabanta ba, balle ya ce mata a'a. Ko dutse ta miƙa masa, haɗiyewa zai yi ya ce ya gode.

Gida ya ɗauki sabon tsari. Hajiya ta daina shan kokonta da asuba, ta ce sai rana ta ɗaga yake mata daɗi. Banɗaki kullum ƙamshin bilic, da ta fito sai ta wanke shi tas. Fararen mayafanta ta ninke ta tura ƙasan akwati, wai London na ɓata farin kaya. Har ɗan tarin nan nata, da take cewa sanyin Turai ne, ya lafa. Hafsa ta yi hamdala, ko ba komai ɗaya daga cikin damuwarta ta ragu.

Shi kuwa mai ciwon, sai abin da ya ci gaba. Wata biyu, aka gwada majina, cutar na nan. Wata uku, wando ya daina zama a ƙugunsa. Hafsa ta zama 'yar sanda a gidanta. Ta zazzage kwandon shara, ta laluba aljihunan rigunansa, ta ɗaga katifa. Ta ƙirga ramukan katin maganin: huɗu kullum, ba kuskure. Ta zargi abokansa na masallaci da kawo masa jiƙo a ɓoye. Ya ce wallahi babu.

Ranar Talata da safe asibiti ya kira, a zo yanzu. Hafsa ta yi cancel ɗin sauran shift ɗinta ta dawo gida, ta zura farin hijabi suka fita.

Likita bai yi kwana-kwana ba. Cutar ta saba da maganin, ya daina cin ta. Haka kan faru, in ji shi, idan abin da ke shiga jiki bai kai yadda aka auna ba: ba ya kashe ta, sai dai ya koya mata taurin kai. Yau za a kwantar da Hamdan a ɗaki shi kaɗai. Sabon maganin ya fi tsawo, ya fi wahala, kuma ba wanda zai yi alkawari.

Sister Anatu ta sunkuyo. "Malam Hamdan, tsakaninka da Allah, huɗu kake sha?"

Ya dubi ƙasa. "Huɗu ake ɓallewa."

Nan Hafsa ta fashe. Ta manta da likita, ta manta da takunkumin da ke fuskarta. "Ni ina can ina wanke tsofaffin wasu, uwata da furfurarta tana maka bauta kowace safiya, kai kana nan kana tofar da magani? In mutuwa kake so ai da ka faɗa, ka hutar da mu!"

Da za a shige da shi, abu ɗaya ya faɗa: "Ki kai Umma a duba ta."

Ji mutum! Yana hanyar kabari yana neman gindin zama wajen suruka. Ta fita ko waiwaye babu, zuciyarta kamar ta ƙone.

Ta sami Hajiya a kan sallaya, azahar ta wuce. Ta zube gabanta ta zayyana mata komai, har da sakarcin mijin da bai san darajar wahalar mutane ba. Tsohuwar ba ta tsine masa ba, ba ta kuma kare shi ba. Sai ta rushe da kuka irin wanda Hafsa ba ta taɓa ji daga bakinta ba, ko ranar rasuwar Baba.

"Haba Umma, ke me kika yi? Kin yi iya naki."

Ta jawo kan uwarta, ta share mata fuska da gefen farin hijabinta, sannan ta dubi ƙyallen.

Hawayen Hajiya kalar manja ne.