Mai Gidan da Ya Ƙi Ajiye Babban Mabuɗi

Tunda yau ka fara kula da kwamfutarka da kanka, Malam Tanimu, kuma na ga sai kare hannu kake da hula idan za ka rubuta kalmar sirri, kamar ni ne ɓarawon, tsaya in ba ka wani misali kafin mu ci gaba.

An yi wani magidanci mai shagon kayan gini, mutum ne mai zargi ƙwarai. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin abin da kake nema. Kafin mahaifinsu ya rasu, ya ɗauki muryar tsohon a waya yana ba da tarihin gidansu, inda kakanni suka taso, wa ya haifi wa, har da addu'ar da ya yi wa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da wayar ta fara ba shi matsala, ya sayi kwamfuta ya kira ƙaninsa, wanda aikinsa ke nan, ya ɗora masa tsarin Unix ya kwashe muryar ya zuba a ciki. Ba a jima ba wayar ta mutu murus. Ƙanin ya zaunar da shi ya yi masa bayani, cewa wannan tsari tamkar babban gida yake, kowa da ɗakinsa da mabuɗinsa, ba mai iya taɓa kayan wani. Amma akwai babban mabuɗi guda, wanda masu sana'ar ke kira rut, shi yana buɗe kowane ɗaki, kuma na'urar ba ta musu da wanda ya riƙe shi. Ya ce, "Yaya, ka riƙa harkarka da ƙaramin mabuɗi. Babban sai in gyara ya taso, ka gama ka mayar. Sannan ka bar ni in kwafi muryar Baba in ajiye a wajena, saboda halin rai."

Nan fa mutumin naka ya sha jinin jikinsa. Wato a gidana za a mai da ni baƙo, a ba ni ƙaramin mabuɗi? Kwafin kuma na mene ne, in ba so yake ya raba wa dangi a ce shi ne ɗan kirki ba? Ya hana kwafi, ya canja kalmar sirrin babban mabuɗi tun ƙanin bai kai bakin ƙofa ba, kuma daga ranar nan da babban mabuɗin yake shiga ko wasiƙa zai karanta. Matarsa in ta zo share ɗakin da kwamfutar take sai ya tsaya a kanta. Ya ɗinka wa kwamfutar riga, ya sa wa ɗakin kwaɗo. Duk wanda ya san shi ya san bai yarda da kowa ba sai kansa.

Ana nan, sai ƙanwarsu da ke aure a nesa, wadda ba ta sami jana'izar ba, ta aiko cewa za ta zo. Ba ta son komai sai ta ji addu'ar da mahaifinta ya yi mata. Ƙanin ne zai rako ta. Da jin haka hankalin mai gida ya tashi, ya zauna da rana tsaka yana bincika na'urar lungu-lungu, ko an bar wata kafa da za a yi masa sata. Sai ga ɗaki da sunan ƙanin, wanda ya buɗe ranar da ya yi aikin. Ya tafa hannu ya ce ai dama ya faɗa. Bai leƙa ciki ba, bai tambayi kowa ba, don a ganinsa tambaya tonon asiri ce. Ya nemo umarnin gogewa ya rubuta. Da ƙaramin mabuɗi ya shiga, da na'urar ta ƙi, ta ce ɗakin ba naka ba ne. Amma babba ne a hannunsa, don haka ko "ka tabbata?" ba ta ce ba. Ta share ɗakin tas, shi kuma ya ji wani sanyi a ransa, ya ci gaba da zuba wasu kayan a ciki har ranar zuwan baƙi.

Suka zo, aka ci aka sha, ƙanwar ta gyara mayafi ta matso kusa da kwamfuta, idonta tuni ya kawo ruwa. Mai gida ya danna alamar da ya saba dannawa in zai saurari muryar, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ashe alamar nuni ce kawai, ainihin muryar tana cikin ɗakin da ya share, don a nan ƙanin ya sauke ta tun farko. Ƙanin ya yi iya ƙoƙarinsa, amma sababbin kaya sun riga sun hau wurin, ko tarin tsohon bai samu ba. Sai ƙanwar ta tambaya a hankali, "Yaya, to me Baba ya ce a kaina?" Ya buɗe baki, ya ga bai riƙe ko rabin addu'ar ba. Wallahi har yau in na tuna wannan tambaya sai tausayinsu ya kama ni.

To Malam Tanimu, sauke hular nan, mu buɗe maka ƙaramin mabuɗi, mu kuma kwafi abin da ba ka son rasawa ka kai wa wanda ka amince da shi. Hausawa sun ce, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.